Yadda Za Ka Tsara Yininka Ƙwaƙwalwa Ta Yi Kaifi, Jiki Ya Yi Kuzari

Na daɗe ina koyarwa, da safe a sakandare, da yamma kuma a ajin manya, inda 'yan kasuwa da teloli da direbobi da matan aure ke zuwa koyon karatu da lissafi. A duka wuraren biyu tambaya ɗaya ce take yawan dawowa: "Malam, wane magani ake sha na ƙwaƙwalwa? Ina karatu ba ya zama." Wani ya ce tun kafin azahar kansa yake yin nauyi. Wata ta ce sai ta shiga ɗaki ta tsaya, ta rasa abin da ya kawo ta. Kafin in ce komai nakan yi wa mutum tambaya uku: ƙarfe nawa ka kwanta jiya, da me ka karya, yaushe rabonka da awon jini. Sau da yawa kafin mu kai ta ukun mun gano bakin zaren.

Nauyin ƙwaƙwalwa bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa. Shi ya sa duk abin da ya taɓa barci ko jini ko ruwa ko abinci, ita ce take fara ji. Kaifinta a tsarin yini yake, kuma mu mun yi sa'a, lokutan salla sun riga sun yanka mana yinin gida-gida, sai dai mu san abin da za mu zuba a kowane gida. Zan fara da dare, domin a lissafinmu ma dare ne ke gaba: daren Juma'a shi ne wanda ake kwana a wayi gari Juma'a.

Mataki na farko: ka ƙwato darenka

Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 zuwa 9, ɗan sakandare kuma awa 8 zuwa 10. Ga wanda ke tashi sallar asuba wajen ƙarfe 5, lissafin a fili yake: in yana son awa bakwai, dole ƙarfe 10 ta same shi a kwance. Wanda ya kai ƙarfe 1 yana latsa waya awa huɗu ya samu, duk abin da zai yi gobe da rabin kai zai yi shi. Wani bincike da aka buga a 1997 daga ƙasar Ostireliya ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 idonsa biyu, saurin hankalinsa da na hannunsa kan ragu har ya yi daidai da na wanda ya ɗan sha giya. Direban da ya taso daga Legas ya nufo Kano bai runtsa ba ya kamata ya riƙe wannan.

A cikin barci ne ƙwaƙwalwa take kwashe abin da aka koya da rana, ta kai shi inda zai daɗe. Kamar ɗan kasuwa ne da ya rufe shago ya zauna yana shigar da cinikin yini a littafi. In bai zauna ba, ciniki dai an yi, amma gobe ba zai iya faɗin wanda ya biya da wanda ya ci bashi ba. Ɗalibin da ya kwana karatu daren jarrabawa irin wannan asarar ya yi wa kansa, kuma na ga haka a takardun da nake makawa shekara da shekaru.

Ga yadda za ka yi. Ka fara tsayar da lokacin tashi, ka ƙirgo awa bakwai baya, wannan ne lokacin kwanciyarka, har ranar da ba aiki. Ka saita ƙararrawar waya ta buga minti 45 kafin lokacin. Da ta buga, ka jona wayar a caji nesa da shimfiɗa, inda sai ka miƙe tsaye za ka kai gare ta, ka rage hasken ɗaki, ka watsa ruwa. Haske mai ƙarfi da dare yana jinkirta fitowar melatonin, sinadarin da ke shaida wa jiki cewa dare ya yi. Amma abin da ke cikin wayar ya fi haskenta ɓarna: bidiyo na bin bidiyo a TikTok, musu ya ƙi ƙarewa a zauren WhatsApp. Garaɓasar datar tsakar dare tana da arha, sai dai cikon kuɗin da barcinka ka biya shi. In akwai abin da za ka sauke, ka saita shi ka kwanta.

In ka saba kwanciya ƙarfe 1, kada ka ce yau sai ƙarfe 10, juyi kawai za ka yi ta yi. Ka riƙa jawo lokacin baya da minti 20 duk bayan kwana biyu. Cikin kwana 18 ka iso inda kake so, jiki bai yi gardama ba. Mai son ƙwallon Turai ya zaɓi wasan dare ɗaya a mako, sauran ya ga sakamako da safe. Hirar majalisa kuma a mayar da ita tsakanin la'asar da isha'i. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya son barci kafin isha'i, ba ya son hira bayanta. Kakanninmu a kan haka suka rayu, suna sallar isha'i a ci tuwo a kwanta.

Akwai abubuwan da ke hana barci waɗanda ba laifin mutum ba ne. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, ɗaki ya zama kamar tanda. Wanka da ruwan randa kafin kwanciya yana taimakawa, haka shimfiɗa a tsakar gida, amma a cikin gidan sauro. Zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa yana shanye jini, jini in ya yi ƙasa kuwa kai ba ya ɗaukar karatu. Janareta kuma a ajiye shi waje, nesa da taga da ƙofa. Hayaƙinsa yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, kaɗan daga cikinta ciwon kai da jiri da safe, da yawa kuwa ajali. Haka kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Gidaje sun rasa mutane ta wannan hanya, kada a yi wasa da ita.

In tunani ne ke hana ka barci, kuɗin haya, kuɗin makaranta, bashi, ka ɗauki biro ka rubuta abin a takarda tare da mataki ɗaya da za ka ɗauka gobe. Kai yana ta juya abu ne saboda tsoron kada ya manta shi, in ya ga an ajiye shi a rubuce yakan sassauta. In ka yi kamar minti 20 barci bai zo ba, ka tashi ka zauna cikin haske kaɗan, ka yi zikiri ko karatu mai sauƙi, sai ka ji ido ya yi nauyi ka koma. Wanda kuma iyalinsa ke cewa yana minshari mai ƙarfi har numfashinsa ya ɗauke ya dawo da firgita, ga shi kullum cikin gyangyaɗi da rana, ya ga likita. Cuta ce da aka sani, tana da alaƙa da hawan jini, kuma ana maganinta.

Ke mai goyo, na san barcinki a yanke yake, ba ki da yadda za ki yi. Ki kwanta da rana lokacin da jariri ya yi barci, wanke-wanke ya jira. Maigida, ɗauke mata wani aikin a wannan lokaci hakki ne a kanka.

Mataki na biyu: daga asuba zuwa hantsi

Da ka tashi, ka sha ruwa kofi ɗaya ko biyu, domin jiki ya yi awa bakwai bai ga ruwa ba. Bayan salla kada ka taɓa saƙonnin waya tukuna. Wannan lokaci, daga asuba zuwa fitowar rana, shi ne mafi tsadar lokacin yini ga mafi yawan mutane: gida shiru, iska da sanyi, kai a wanke. Ka ba shi aikin da ya fi maka wuya, hadda ce, lissafin shago ne, karatun jarrabawa ne, ko shawarar da ka kwana biyu kana jinkirtawa. Minti 30 na wannan lokaci sun fi awa biyu na bayan isha'i. Akwai addu'ar da Manzon Allah ya yi ta neman albarka ga al'ummarsa a sammakonta, kuma duk manomi da ɗan kasuwa ya san gaskiyar wannan a aikace.

Da rana ta fito, ka fita waje ko na minti 15. Hasken safiya da ke shiga ido shi ke saita agogon da ke cikin ƙwaƙwalwa, ya wartsakar da kai yanzu, ya kuma sa barci ya zo da wuri da dare. Ba kallon ƙwayar rana ake nufi ba, zama ko tafiya a fili kawai. Matan da ke yini a cikin gida su fito tsakar gida da aikin safe, tsintar shinkafa ko gyaran ganye, maimakon yin sa a ɗaki.

Mataki na uku: karin kumallo da sauran abinci

Shayi mai cokali huɗu na suga da farin burodi yana ba da ƙarfi na ɗan lokaci, kafin walaha jiki ya mutu, a fara hamma. Abin da ke riƙe mutum shi ne haɗa hatsi da abin gina jiki: koko da ƙosai, kunun gyaɗa, ɗanwake da ƙwai, alale, fura da nono, ɗumamen tuwo da miyar kuka mai daddawa. Duk abincinmu ne, kuma yawancinsu sun fi kayan gwangwani arha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sugan da ake ƙarawa ya wuce kimanin giram 50 a yini ga babba, wato ƙaramin cokali 12, in an rage zuwa rabin haka ma ya fi. Robar lemo ɗaya mai rabin lita takan cinye wannan kason kusan gaba ɗaya.

Abu biyu nake so a kula da su musamman. Na farko sinadarin ƙarfe, wanda jini ke bukata don kai iska ƙwaƙwalwa. Ƙarancinsa ya yi yawa a tsakanin mata da 'yan mata da yara, alamunsa kasala, jiri, haki da rashin natsuwa a aji. Ana samunsa a hanta, nama, kifi, wake, gero, zogale da alayyafo. Shan shayi tare da abinci yana rage yadda jiki ke ɗaukar wanda ke cikin hatsi da ganye, don haka a bar tazarar awa ɗaya tsakani. Lemon tsami, tumatir ɗanye, gwaiba da lemon zaƙi kuwa suna taimaka wa jiki ya ɗauka, shi ya sa kwaɗon zogale da tumatir da ɗan matsin lemon tsami abinci ne na gaske. Na biyu aidin. Rashinsa ke kawo maƙoƙo, kuma yana taɓa ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Tun 1993 Najeriya ta wajabta sa shi a gishirin ci. A sayi gishirin leda mai alamar aidin, a adana shi a rufe, kada a bar shi a buɗe kusa da murhu.

Amma gishirin kansa kada ya wuce giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin ɗunƙulen miya, domin ɗunƙule yawancinsa gishiri ne. Uwargida, ki riƙa rage ɗaya-ɗaya kina cikewa da daddawa da albasa da citta da tafarnuwa, cikin 'yan makonni harshen mutan gida zai saba.

Mataki na huɗu: taka ƙasa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar. Ma'aunin shi ne tafiya da sauri har numfashi ya ɗan ɗaga, kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa. A wani gwaji da aka buga a Amurka a 2011, an ɗauki dattawa 120, aka sa rabinsu tafiyar minti 40 sau uku a mako har shekara guda. Sashen ƙwaƙwalwarsu mai kula da ajiye sabon abu ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100, alhali a shekarun tsufa irin nasu raguwa ya saba yi.

Manomi da ɗan dako da mai ɗebo ruwa sun riga sun biya wannan. Maganar ta tela ce da mai shago da ma'aikacin ofis da direba, masu yini a zaune. Ka sauka daga adaidaita sahu kafin a kai ka ƙofa, ka taka sauran. Ka tafi masallacin da ya ɗan fi nisa. Duk awa ɗaya na zama ka miƙe ka zaga. Matar da ba ta fita tana iya zagaya tsakar gida da sauri minti goma sau uku, lissafin ɗaya ne. A lokacin zafi a yi da sassafe ko bayan la'asar sakaliya.

Mataki na biyar: aiki ɗaya a lokaci ɗaya

Taura biyu ba ta taunuwa. Ƙwaƙwalwa ba ta yin aikin tunani biyu tare, tsalle take yi tsakaninsu, kowane tsalle kuma da asarar lokaci da kuskure. Ka sayi ƙaramin littafi na aljihu, kowace safiya ka rubuta abu uku kacal da dole a gama. Ka ɗauki na farko, ka sa waya a shiru ka jefa ta a aljihun jaka, ka yi minti 30 zuwa 45, ka huta minti biyar a tsaye, ka dawo. Ka kashe sanarwar duk zaurukan da ba na aiki ko na gida ba, ka ware lokaci biyu ko uku a yini na duba saƙonni. Mai shago ba zai iya kashe waya ba, gaskiya ne, amma zai iya daina ƙirga kuɗi yana amsa kira.

Mataki na shida: tsakar rana

Nauyin jiki bayan azahar halitta ne, agogon jiki ne ke ɗan sauka a lokacin. Cika ciki da tuwo ko shinkafa yana ninka shi. Ka bi ma'aunin hadisi, kashi ɗaya na ciki abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi. Sannan in da hali ka yi ƙailula ta minti 20, ka sa ƙararrawa. In ta kai awa ɗaya za ka shiga barci mai nauyi, ka tashi kai ya yi dum, da dare kuma ido ya bushe. Kada ta wuce ƙarfe 3.

Ruwa kuma kada ka jira sai ƙishirwa ta kama ka. Ledar ruwa rabin lita ce, huɗu a yini wurin farawa ne, mai aiki a rana kuma yana bukatar fiye da haka nesa ba kusa ba. Fitsari ne ma'auni: in ya yi haske, lafiya, in ya yi rawaya mai duhu, ka ƙara. Mai ciwon ƙoda ko na zuciya ya bi adadin da likitansa ya yanka masa.

Goro da shayi da kofi da lemon ƙarin kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin. Da safe yana da amfani, yana kore gyangyaɗi. Matsalarsa jinkirin fita: bayan kimanin awa biyar rabinsa yana nan a jini. Goron da ka ci ƙarfe 5 na yamma, rabin ƙarfinsa na tare da kai ƙarfe 10 na dare, ko barci ya ɗauke ka ba zai yi zurfi ba, gobe ka tashi a gajiye ka nemi wani goron. Ka sa azahar ta zama iyaka. Bayanta zoɓo mara suga sosai, ko ruwan citta, ko kunun aya.

A nan dole in yi maganar ƙwaya, domin na rasa ɗalibi mai hazaƙa ta dalilinta. Ya fara shan tiramadol don ya jure aikin gini da rana ya zo aji da yamma. Wata uku yana ganin ya samu ƙarfi, daga baya hannu ya fara rawa, karatu ya daina zama, ya faɗi a wurin aiki yana farfaɗiya. Ƙwayar ba ta ƙara ƙarfi, gajiyar take ɓoyewa har jiki ya karye. Haka maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta hana sarrafawa da shigo da shi a 2018. Wanda ya riga ya saba kada ya ji kunya, kuma kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai, ya je asibiti a taimaka masa ya sauka a hankali.

Mataki na bakwai: ka koyi sabon abu, ta hanyar allo

A shekarar 2000 wata mai bincike a Landan, Eleanor Maguire, ta duba ƙwaƙwalwar direbobin tasi na birnin, waɗanda sai sun haddace dubban tituna ake ba su lasisi. Ta tarar sashen da ke riƙe taswirar wurare ya fi na sauran mutane girma, kuma wanda ya fi daɗewa a aikin ya fi. Ma'ana, ƙwaƙwalwar babba ma tana sauyawa da abin da aka sa ta. Na ga wannan a ajin manya: dattijo mai shekara sittin da 'yan kai ya fara da baƙaƙe, bayan shekara yana karanta saƙon 'ya'yansa da kansa.

Ka zaɓi abu ɗaya da ba ka iya ba, wanda yake ba ka ɗan wuya: Larabci, Faransanci, Fulatanci, rubutun ajami, ɗinki, gyaran waya, lissafin kasuwanci, ko hizifi ɗaya na hadda. Minti 20 kullum ya fi awa uku ranar Lahadi.

Yadda za ka koya kuwa, ba sai mun je nesa ba. Barar almajirai da wahalar da ake jefa yara ciki ba abin yabo ba ne, amma hanyar karatun tsangaya tana da hikimar da masu bincike suka zo suka tabbatar. Dubi yadda take. Ana rubuta ɗan kaɗan a allo, daidai ƙarfin mai karatu. Malam ya biya, ɗalibi ya maimaita da murya. Ba a wanke allo sai ya kawo da ka. Bayan an wuce wurin kuma ba a barinsa, ana dawowa kansa a tilawa da tishe, wato bita. Mai satu kuma, wato wanda ya kai ga rubuta haddarsa a allo, da ka yake rubutawa, a kai wurin darasu gaban malamai a gyara masa kuskure.

Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna mantuwa ya ga cewa mafi yawan abin da ke zubewa a yinin farko yake zubewa, kuma duk bitar da aka yi bayan tazara tana rage gudun zubewar. A 2006 masu bincike biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka gwada ɗalibai: wasu suka yi ta maimaita karanta shafi, wasu suka rufe shi suka rubuto abin da suka tuna. Bayan mako guda masu rufewa suka fi riƙewa. Wannan shi ne kawo allo da ka.

To ga tsarin. Ka ɗauki yanki kaɗan, shafi ɗaya ko kalmomi goma. Ka rubuta da hannunka, ka karanta a bayyane. Ka rufe, ka faɗo ko ka rubuto da ka. Ka buɗe ka duba inda ka faɗi, ka gyara nan take. Ka sake gwada kanka kafin barci, sai gobe da asuba, sai bayan kwana uku, sai bayan mako, sai bayan wata. Ka rubuta ranakun a gefen shafin don kada su shige. Wahalar da kake ji lokacin da kake lalubo abin a kanka, ita ce aikin, kada ta sa ka yi saurin leƙawa. Daga ƙarshe ka koya wa wani, ƙaninka ko matarka ko abokin sana'a. Duk inda bayaninka ya sarƙe, nan ne ba ka gane ba.

A kasuwa ma ka riƙa yin lissafi da ka kafin ka taɓa kalkuleta, ka haddace lambobin waya biyar na gida, ranar da waya ta ɓata za su yi maka rana.

Mataki na takwas: mutane, ido da kunne

A 2024 kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, ya ce suna da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon mantuwar tsufa a duniya. A cikinsu akwai kaɗaici, raunin ji da raunin gani. Ukun nan a haɗe suke. Tsohon da ba ya ji sosai yakan janye daga hira, wanda ba ya gani ya daina fita, ƙwaƙwalwa ta rasa abin taunawa. In kaka ta fara yin shiru a ɗaki, a duba idonta da kunnenta. Yanar ido ana cire ta da ƙaramin aiki, tabarau kuma ba tsada ne da shi can ba. A zaunar da jikoki wurinta ta yi musu tatsuniya da kacici-kacici, amfanin na kowa ne. Maza su koma kan dara da yamma, wasa ne na lissafi da hangen gaba. Ziyarar zumunci ɗaya a mako da ƙafa ta haɗa tafiya da hira. Matashi mai cusa abin sauraro a kunne ya rage ƙara, mai aiki a injin niƙa ko wurin walda ya toshe kunne, domin jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa.

Mataki na tara: awo

Hawan jini ba ya sallama. Yana cin ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa shekaru mutum bai ji komai ba. Ka auna aƙalla sau ɗaya a shekara, a asibiti ko babban kemis, bayan ka zauna ka huta minti biyar. In awo ya yi ta nuna 140 bisa 90 ko sama, ka ga likita, in an ɗora ka a kan magani kada ka daina don ka ji sauƙi. A haɗa da awon suga da na yawan jini. Taba da shisha a bar su. Mai hawa babur ya sa hular kwano, buguwar kai ɗaya kan sauya mutum har abada.

Wasu alamu ba na jira ba ne. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ya saki, magana ta sarƙe farat ɗaya: a ɗauki mutum zuwa asibiti a wannan sa'ar. Baƙin ciki da rashin sha'awar komai da ya wuce mako biyu shi ma ciwo ne da ake magani, kuma yana kawo mantuwa. Dattijon da ya fara ɓata a hanyar gidansa ko yana mance sunan 'ya'yansa, kada a ce tsufa ne kawai, kada kuma a jingina masa maita. A kai shi a duba.

Yadda za ka fara

Kada ka ɗauki tara ɗin gaba ɗaya. Mako biyu na farko abu biyu kawai: lokacin kwanciya, da daina goro da shayi bayan azahar. A littafin aljihunka ka riƙa rubuta lokacin da ka kwanta, lokacin da ka tashi, da makin da ka ba kuzarinka daga 1 zuwa 5 da ƙarfe 11 na safe. Mako na uku ka ƙara tafiya da gyaran karin kumallo, ka kuma je awon jini. Mako na huɗu ka buɗe allonka.

In azumi ya riske ka a tsakiya, tsarin ya ɗan juya. Ka jinkirta sahur, ka sa wake ko ƙwai ko nono a ciki, ka rarraba shan ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur maimakon ɗurawa lokaci guda. Aikin tunani ka gama shi kafin azahar, tafiya ta koma bayan tarawihi, ƙailula kuma a wannan watan kana iya kai ta minti 90 don cike gurbin barcin da tsayuwar dare ta ɗauka.